Tagwayen taska: idan fayil ɗin kalmomin sirri ya zama biyu, wanne za a goge?

Ranar wata Alhamis bayan sallar isha'i, muna lissafin cinikin yini da hasken fitilar sola, ƙanena ya juyo min da fuskar kwamfuta.

"Yaya, dubi nan. Taskarmu ta haihu."

A foldar da muke ajiye fayil ɗin kalmomin sirrin shago, inda kullum guda ɗaya tilo muke gani, sai ga biyu. Na sama taska.kdbx, sunan da na raɗa masa tun farko. Na ƙasa sunan iri ɗaya ne, amma da wata jela a bayansa. Kafin in buɗe baki har ya ɗora kibiyar maus a kai.

"In goge na ƙasan? Ai kwafi ne kawai."

Na riƙe masa hannu. Da ya danna, da washegari iyayen yara huɗu sun yi mana sallama, mu kuma ba mu da abin ce musu.

Shagonmu yana wani ƙaramin gari tsakanin Gumel da Maigatari. Muna fotokwafi, muna yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, muna cire wa mutane kuɗi da POS. Ni ne kuma magatakardan ƙungiyar manoman riɗi da zoɓo ta garinmu. Kalmomin sirrin da ke hannunmu sun haura ɗari, kuma yawancinsu ba namu ba ne, amanar mutane ce: imel ɗin ɗalibin da ba shi da waya, asusun ƙungiya, na dattijon da zai ce maka "ɗana, riƙe min, ni mantawa nake." Da can a wani littafi mai jan bango muke rubuta su, duk wanda ya zauna a kujerata yana iya buɗawa. Daga baya muka koma manhajar ajiyar kalmomin sirri. A kwamfuta KeePassXC muke amfani da ita, ɗaya daga cikin dangin KeePass, manhajar kyauta da wani Bajamushe, Dominik Reichl, ya fitar a 2003. Duk dangin nan hanyarsu ɗaya: komai ana zuba shi a fayil guda mai ƙarewa da .kdbx, a kulle shi da babbar kalmar sirri guda. Wannan fayil shi muke kira taska. Muka sa shi a rumbun ajiya na intanet domin kwamfutar shago da wayar ƙanena su riƙa ganin abu ɗaya.

Ga abin da ya faru a ranar. Shi yana kasuwar Maigatari tun hantsi da injin POS. Ya lura wani yaro yana leƙen hannunsa lokacin da yake shiga asusun, nan take ya canza kalmar sirrin, ya adana sabuwar a taska ta wayarsa. Daidai ya yi. Ni kuwa ina shago, data ta kusa ƙarewa, sai na dakatar da manhajar da ke daidaita foldar da rumbu don kada ta cinye min sauran. Na buɗe wa ɗalibai huɗu imel, na adana kalmominsu a taska ta kwamfuta. Da magariba na sa sabuwar data, na sake kunna daidaitawa. Manhajar ta duba ta ga wanda ke rumbu ya canza, wanda ke kwamfuta shi ma ya canza, kuma babu wanda ya san da canjin ɗan'uwansa. Sai ta ajiye duka biyun. Laifin nawa ne, ba nata ba.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin ɓarna, alhali shi ne mafi alherin abin da rumbu zai iya yi. Ka ɗauki mai sito a kasuwar hatsi. Kai da ɗan'uwanka kuna ajiye buhu guda a wajensa da sunan gidanku, ɗinkakke, kuma ba a ba shi izinin farkewa ba. Wata rana sai ga buhu biyu, kowanne da sunan gidan, kowanne an ce shi ne na yanzu. Mai sito mai amana ba zai zubar da ɗaya ba. Zai sa wa na biyun alama da gawayi ya jingine su tare, masu shi su zo su warware. Haka rumbun intanet yake da taska. Abin da ke cikinta an rikiɗa shi da tsarin ɓoye rubutu irin AES-256 ko ChaCha20, rumbu ba ya ganin komai sai tarin tarkace. Bugu da ƙari, duk sa'ad da ka adana, manhajar tana sake kulle fayil ɗin gaba ɗaya da sababbin lambobin da ta zaɓo da ka. Ko harafi ɗaya ka gyara, daga waje fayil ɗin zai fito sabo fil tun daga kai har ƙafa. Don haka rumbu ba shi da hanyar cewa "nan aka ƙara, can aka rage, bari in haɗa." Wannan makantar ita ce tsaronka, ita ce kuma ke haifar da tagwaye.

Kowane rumbu da irin gawayinsa. Dropbox yakan ƙara wa sunan fayil kalmomin conflicted copy tare da kwanan wata. OneDrive yakan liƙa sunan kwamfutar a bayan sunan fayil. Google Drive shi yana yarda fayil biyu su zauna a folda ɗaya da suna iri ɗaya sak, sai a kwamfuta ne za ka ga an ƙara wa ɗayan lamba 1 a cikin baka. Syncthing, wadda ke daidaita na'ura da na'ura kai tsaye ba tare da rumbun wani kamfani ba, takan sa sync-conflict da rana da lokaci. Abin lura a nan shi ne ƙa'idojinsu ba ɗaya ba ne, har ma sukan yi hannun riga. A Dropbox, wanda aka adana daga baya shi ke samun jela. A Syncthing, wanda lokacin gyaransa ya fi daɗewa shi ake yi wa jela. Wato wanda ya riƙe asalin suna ba lalle ne ya zama uba ba, mai jela kuma ba lalle ne ya zama ɗa ba.

Da suna ya gaza, ƙanena ya koma kwanan wata: "To mu bar wanda ya fi sabunta." Na tambaye shi, idan Baba yana da littafin bashi a shago, kai kuma kana da naka a kasuwa, Baba ya rubuta bashin mutum huɗu da azahar, kai ka rubuta na mutum ɗaya da la'asar, sai mu ƙone na Baba don naka ne na ƙarshe? Ya yi dariya. Sai ya koma nauyi, wai wanda ya fi nauyi shi ya fi cika. Shi ma bai fisshe mu ba: fayil mai nauyi yana iya zama cike da tsofaffin abubuwa, mara nauyin kuma a ce shi ke ɗauke da kalma guda da ta fi duk sauran muhimmanci, irin ta POS ɗin nan. Kama da wane ba wane ba ne. Tambayar "wanne za a goge" ita ce kuskuren tun daga tushe. Kowanne yana riƙe da abin da ɗayan ba shi da shi, magani kuwa shi ne a haɗe su, kuma mai iya haɗewar ita ce manhajar da ke da makulli.

Tana iyawa ne saboda yadda aka tsara cikin taskar. Kowane asusu yana da katinsa, mai ɗauke da suna, kalmar sirri, adireshin shafi da wurin ƙarin bayani. Kowane kati yana da wata doguwar lambar shaida da aka ba shi ranar da aka ƙirƙire shi, wadda ba ta canzawa ko ka sauya masa suna sau goma, kamar dai lambar NIN. Yana kuma ɗauke da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe. Akwai tarihinsa, inda ake ajiye tsofaffin kamanninsa, har guda 10 idan ba ka sauya saitin ba. Sannan taskar tana riƙe da jerin lambobin katunan da aka goge kwata-kwata, don kada mamaci ya dawo. Wajen haɗewa, manhaja tana bin kati ɗaya bayan ɗaya da lambar shaidarsa. Wanda ke nan ba ya can, sai ta kawo shi. Wanda aka gyara a gefe ɗaya, sai ta ɗauki gyararren. Wanda aka gyara a duka ɓangarorin, na baya-bayan ya hau sama, ɗayan ya shiga tarihi.

Ga yadda muka yi a daren. Na sa ƙanena ya rufe taskar a wayarsa ya ajiye wayar can gefe. Na kwafe fayil ɗin biyu zuwa filas, na zare shi na sa a aljihu, domin in hannu ya kuskure akwai wurin komawa. Na sake dakatar da daidaitawa, wannan karon da gangan, don kada rumbu ya kwashi aikin da ba a gama ba. Na buɗe taska.kdbx, na shiga Database, na zaɓi Merge From Database, na nuna mata mai jelar, na ba ta babbar kalmar sirri. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta gama. Sauran aikin na ido ne: na nemo ɗaliban nan huɗu da sunayensu, suna nan. Na buɗe katin POS, sabuwar kalmar tana nan, muka gwada ta ta shiga. Sai na adana, na saki daidaitawa, muka zuba wa alamar ido har ta nuna ta gama, sannan ya buɗe a waya ya ga ɗaliban sun iso.

Abu ɗaya ya so ya ɓace mana. Da safiyar ranar na rubuta wata lambar waya a wurin ƙarin bayani na katin POS ɗin. Bayan haɗewa na duba, babu ita. Dalili kuwa, alƙalancin kati-kati ake yi, ba layi-layi ba. Tun da gyaran ƙanena ya zo bayan nawa, katinsa ne ya hau gaba ɗayansa, nawa ya koma tarihi. Can na same ta, a sashen History na katin, na kwafo ta na mayar. Saboda haka duk katin da kuke zargin ku biyu kun taɓa, a leƙa tarihinsa kafin a tashi.

Mai amfani da KeePass na asali, zubi na 2, hanyarsa ita ce File, sai Synchronize, sai Synchronize with File. Amma akwai bambanci da ya kamata a sani. Wannan ba fayil ɗin da ke buɗe kaɗai yake gyarawa ba, har wancan ɗin ma yana rubuta masa sakamakon, su biyun su koma abu ɗaya. In ba ka yi kwafin filas ba tun farko, to babu sauran tsohon da za ka waiwaya. Kuma yana so makullin fayil biyun ya zama iri ɗaya. Idan an canza babbar kalmar sirri a tsakani, sai ka buɗe wancan shi kaɗai da tsohuwar, ka mayar da makullinsa daidai da na wannan, sannan ka haɗa.

Inda na fi jin tsoro shi ne agogo, kuma mu na karkara ya fi shafa. Duk alƙalancin nan a kan lokaci ya dogara, lokacin kuma na'urar da aka yi gyaran a kanta ce ke faɗinsa. Kwamfutocinmu yawanci na hannu ne. A cikinsu akwai ɗan ƙaramin batir mai kamar kwabo da ke riƙe agogo idan an kashe. In ya mutu, kwamfuta takan farka da kwanan watan shekarun baya, kuma in babu intanet ba ta da mai gyara mata. Duk abin da ka adana a wannan hali za a ɗauke shi tsohon zance, ya sha kaye wajen haɗewa. Akwai kuma wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Kwamfutar da aka kawo daga Amurka takan zo da yankin lokacinta na can. Mai ita sai ya gyara agogon da hannu har ya yi daidai da na masallaci, bai taɓa yankin ba. A ido lafiya lau. Amma taska da ma'aunin lokacin duniya take rubutu, ba da abin da ke fuskar agogo ba. Idan yankin na New York ne, duk gyaran da aka yi a kwamfutar zai fito da ƙarin awa biyar ko shida. Gyaran da ka yi da hantsi sai ya kayar da wanda ɗan'uwanka ya yi da azahar, tsohuwar kalma ta danne sabuwa, ku yi ta zargin banki. Yankinmu a Windows shi ne West Central Africa, awa ɗaya gaba da ma'aunin duniya. Dubawar ba ta cin minti biyu.

Wani zai ce, ai katuna huɗu ne kacal, me zai hana in buɗe fayil biyun gefe da gefe in sake rubuta su da hannu? Za ka iya, in ka tabbata huɗun ne kaɗai, kuma ba za ka ƙara haɗa fayilolin ba har abada. Katin da ka ƙirƙira da hannu sabuwar lambar shaida yake samu. Ranar da aka haɗa, manhaja za ta gan su a matsayin mutum biyu masu suna ɗaya, ta ajiye maka duka, tagwayen su tashi daga folda su koma cikin taska. Mafi muni shi ne fitar da komai zuwa fayil ɗin CSV don a gwada a Excel. Wannan fayil ba shi da kulle ko kaɗan, duk wanda ya buɗe zai karanta kalmominka kamar jarida. In ka kuskura ka ajiye shi a foldar da ke daidaitawa, kafin ka ƙifta ido ya haye rumbu. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Wanda katunan suka riga suka ninku masa, KeePass 2 yana da Delete Duplicate Entries a ƙarƙashin Tools, amma ni na fi son bi da ido in ba su da yawa.

Wanda kuma ya riga ya goge kafin ya karanta wannan, kada ya ɗora hannu a ka tukuna. Google Drive yana barin abin da aka goge a kwandon shara kwana 30. Yana kuma riƙe tsofaffin zubin fayil na kwana 30 ko zubi 100. Dropbox na kyauta shi ma kwana 30 yake bayarwa. A sauko da tsohon, a ba shi wani suna, a haɗe shi kamar yadda na faɗa. Kada dai a mayar da shi kan na yanzu kai tsaye, don hakan zai shafe duk abin da aka ƙara daga baya.

Bayan an haɗe kuma ba a barin tagwayen su yi ta zama. Tsohon kwafi da tsohon makulli yake buɗewa. Ka ce yau ka canza babbar kalmar sirri don wani ya gani. Canjin bai shafi mai jelar da ke folda ba, bai shafi wanda ke filas ba, bai shafi wanda ka taɓa tura wa kanka ta WhatsApp ba, wanda har yanzu yana kwance a wayar da za ka kai gyara kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko ka sayar. A 2022 ɓarayin intanet sun kwashe kwafin taskokin masu amfani da LastPass, wata manhajar ajiyar kalmomin sirri. A kulle suke, amma daga ranar abin da ya rage tsakanin ɓarawo da dukiyar mutum shi ne ƙarfin babbar kalmar da ya kulle da ita a lokacin. Don haka in makulli ya fita, canza shi kaɗai bai isa ba, sai an bi manyan asusun, na banki da imel da POS, an canza nasu ɗaya bayan ɗaya. Mu mun bar mai jelar mako biyu, da muka ga ba mu nemi komai mun rasa ba, muka goge shi daga folda da kwandon shara. A filas kuma muka maye tsofaffin da haɗaɗɗen.

Hana haihuwar ya fi sauƙi. A KeePassXC na kunna adanawa da kanta bayan kowane gyara, da sake lodawa idan fayil ya canza daga waje. Akwai kuma wani zaɓi na sauya hanyar adanawa, wanda su kansu suka rubuta cewa yana iya magance matsala da Dropbox da Google Drive, ga wanda yake ganin tagwaye ko da na'ura ɗaya yake aiki. A waya, Keepass2Android tana iya buɗe taska kai tsaye daga rumbu, ta riƙe kwafi don lokacin da babu sabis, idan ta ga na rumbu ya canza ta nemi izinin haɗewa. Dakatar da daidaitawa don tsimin data kuwa na daina, tun da na lura taskarmu gaba ɗaya ba ta kai nauyin hoto guda na waya ba. Abin da ke cin datar hotuna ne da takardun da na zuba a foldar, su na kwashe.

Wani abokina malamin makaranta a Dutse ya ce duk wannan wahalar banza ce, in koma Bitwarden, wadda babu fayil a hannunka balle ya haihu. Yana da gaskiyarsa, ga mai sabis tsayayye. Amma idan babu intanet, karantawa kawai take bari, ba ka ƙarawa ba ka gyarawa. Garin da sabis kan ɗauke da zarar hadari ya haɗu, na fi son taskar da zan rubuta a ciki ko ina tsakiyar gona, in ya so in sha haɗewa sau ɗaya a wata shida.

Ƙa'idar da ta fi yi mana aiki ba ta cikin saiti. Ranar kasuwa mutum ɗaya ne ke rubutu a lokaci guda. Alhamis ɗin da ta wuce ina tsakiyar yi wa Alhaji shugaban ƙungiya fotokwafin takardun taki, waya ta yi ƙara, hayaniyar kara da kukan shanu suna tashi ta ciki.

"Yaya, taskar tana buɗe a wajenka? Zan ƙara wani abu."

Na ce ya dakata. Na adana, na rufe, na tsaya ina kallon 'yar alamar tana juyawa, Alhaji yana kallona yana jiran takardunsa. Da ta tsaya na ce, "To, shiga. In ka gama ka yi min filashin."